Girkin Sallah, Suyar Cincin da Fita Cin Abinci: Tambayoyin da Iyalai Suka Fi Yi

Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, ko an ga watan Zulhajji, tambayoyin nan sai su fara shigowa. Wata cincin ɗinta ya sha mai, wata ƙullun wainarta ya ƙi tashi, wani magidanci kuma yana son fita da iyalinsa cin abinci amma yana jin nauyin abin da Hajiya za ta ce. Ga waɗanda aka fi maimaitawa. Abu ɗaya tun da wuri: kwanon awo na Kano daban yake da mudun Kaduna, daban da tiyar Maraɗi, don haka inda ma'auni yake da muhimmanci kilo da kofi da cokali za a gani.

Anti, yaushe ya kamata in fara aikin kayan Sallah? Duk shekara a kicin nake kwana daren Sallah.

Tara aiki wuri ɗaya ne ke kwanar da ke. Kayan Sallah ba rana ɗaya suke lalacewa ba, to me zai sa a yi su rana ɗaya? Nakiya tana yin watanni. Alkaki da dubulan da cincin suna yin makonni idan sun soyu da kyau kuma sun sha iska kafin a rufe su. Waɗannan ki gama da su tun saura mako guda. Kek da donat ba su da haƙuri, su ne na saura kwana biyu. Jajibiri kuma ki bar masa markaɗen kayan miya, gyaran kaji da jiƙa shinkafar waina, shi ke nan.

Sayayya tun farkon azumi ake yin ta. Fulawa, sukari, man gyaɗa da bota babu abin da zai same su a ajiye. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Singa ko 'Yankaba a Kano saura kwana biyu Sallah ya san abin da ake gudu: cunkoso, ga 'yan dako sun yi tsada, ga mai kaya ba ya sauraron tayi. Suya kuma ki yi ta bayan asuba kafin rana ta ɗaga, ko bayan tarawi. A 2025 ƙarshen Maris aka yi Ƙaramar Sallah, kuma kowace shekara tana matsowa da kusan kwana 11, wato har yanzu ba mu gama fita daga zafi ba. Mai azumi a gaban kaskon mai da tsakar rana wahalar da kanta take yi, kuma da dare ba za ta iya tsayuwar tahajjudi ba.

Cincin ɗina ko dai ya yi tauri har ya gagari haƙori, ko ya sha mai ya yi laushi. Ina matsalar take?

Mu fara da ma'auni. A fulawa kilo 1: sukari kofi 1, bota giram 125, wato rabin leda mai giram 250, ƙwai 2, madarar gari cokali 3 ko 4, bekin foda ƙaramin cokali 1, gyaɗar ƙamshi da ɗan gishiri. Ruwa kuma da kaɗan-kaɗan ake zuba shi, ba a kwara shi gaba ɗaya.

Ki tankaɗe fulawar, ki murje botar a ciki da tafin hannu har ki daina ganin ta, garin ya yi wara-wara. Wannan murzar ita ce sirrin cincin mai garɗi, kuma ita ce ake yi wa gaggawa. Sannan ki zuba sauran kayan. Kwaɓin ya yi ƙarfi, ba ya manne wa yatsa. Ki rufe shi minti 15 ya huta kafin ki murza ki yanka.

Tauri yana zuwa ne daga ƙarancin bota da yawan cuɗa kwaɓi. Shan mai kuma abu biyu ne: ko kwaɓin ya yi ruwa, ko man bai yi zafi ba kika zuba. Ki jefa ƙwaya ɗaya ki gani. Idan ta nutse ta taso nan da nan tana 'yan kumfa, mai ya yi. Idan ta zauna a ƙasa, ki jira. Idan ta yi ja tun kafin ki ɗauko matsami, ki rage wuta, don waje zai ƙone ciki yana ɗanye. Yawan sukari ma yana sa shi saurin yin baƙi. Ki kwashe tun bai kai launin da kike so ba, yana ƙara duhu a cikin kwando. Sai ki baza shi a tire ya huce sarai. Cincin mai ɗumi a rufaffen bokiti gumi yake yi, gobe ki tarar ya saki.

Me ke sa mai ya yi ta kumfa har ya nemi zubowa a wuta?

Yawan ƙwai da bekin foda a kwaɓi, garin fulawar da kika barbaɗa wajen yanka, da kuma man da ya gaji da suya. Ki kakkaɓe garin a rariya kafin ki zuba, kada mai ya wuce rabin kasko, kuma ki riƙa tsame ƙonannen gari tsakanin zubi da zubi. Idan mai ya kama da wuta, kada ki kuskura ki watsa ruwa. Ki kashe gas, ki kifa murfin tukunya a kai.

Ba ni da oben. Da gaske ana gasa kek a tukunya ya yi kyau?

Ana yi, kuma iyayenmu da shi suka yi ta fita kunyar baƙi tun kafin oben ya shigo gidaje. Ki samu tukunya mai kaurin gindi da murfi mai rufuwa ruf. Ki zuba yashi wankakke busasshe, ko gishiri, kaurin yatsa biyu. Ki ɗora wani ƙaramin murfi ko 'yan duwatsu a kai don kada gwangwanin kek ya zauna kan yashin kai tsaye. Ki rufe ta yi zafi minti 10 zuwa 15 kafin ki saka komai.

Kwaɓin da ba ya ba da kunya shi ne na daidai wa daida: bota giram 250, sukari 250, fulawa 250, ƙwai 4 ko 5, bekin foda ƙaramin cokali 2, da filebo. Ki buga bota da sukari da muciya har su yi fari su yi sauƙi, nan ne hannu ke gajiya, a ba samarin gidan su karɓa. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Fulawa a ƙarshe, a juya a hankali, ba a bugawa. Ki shafa bota a gwangwani, na kifi ko na madara duk suna yi, kada ki cika shi ya wuce kashi biyu cikin uku.

Wuta ƙasa-ƙasa. Ƙananan gwangwanaye suna nuna cikin minti 20 zuwa 25, kuma a minti 15 na farko kada a buɗe, ko da ƙamshi ya cika gida yara suna zarya. Buɗewa da wuri ita ke sa tsakiya ya lotsa. Idan ƙasa yana nuna sama fari fat, ki ɗora garwashi kaɗan a kan murfi. Ki soka tsinke a tsakiya, ya fito fes, ya yi. Mai oben kuma ta saita shi a digiri 180.

Idan da gawayi kike aiki, a tsakar gida za ki yi, ba a ƙuryar ɗaki ba. Iskar da gawayi ke fitarwa a rufaffen wuri ba ta da wari kuma tana kisa. Wadda kek ɗinta ke da yawa kuwa, gidajen burodi da dama suna karɓar gashi a biya su, sai dai ki sa wa gwangwanayenki alama, ranar ba ke kaɗai ba ce.

Kek ɗina kwana uku yake yi ya fara furfura.

Kin ƙulle shi a leda da sauran ɗuminsa, ko cikinsa bai gama nuna ba, ko kin sa madarar ruwa da yawa. Ko da komai ya yi daidai, kek na gida a zafin bazara ba abin ajiyar mako ba ne. Ki yi daidai na kwana uku. Wanda ya yi furfura kuma a zubar da shi duka, yanke gefen ba ya magani.

Alkaki da nakiya da dubulan ba su zama tsohon yayi ba? Yara kek suke nema.

Yara kek suke nema, gaskiya ne, amma ki lura da abin da manya ke naɗewa a gefen mayafi su tafi da shi. Kuma har gobe ba a haɗa garar amarya babu su.

Abin da ya sa ake gudun alkaki shi ne yana son kwana. Alkama ake ɓarzawa, ba a mayar da ita gari ba, a murje da mai, a kwaɓa da nono mai tsami ko ɗan yis, a rufe ya kwana. Da safe a sa ɗan ruwan kanwa ya kashe tsamin, a sake murzawa har ya haɗu, a naɗa, a soya a wuta marar ƙarfi don cikinsa ya soyu. Daga kasko sai cikin ruwan sukari ko zuma. Ruwan sukarin nan a dafa shi da tsamiya ko lemon tsami, in ba haka ba zai daskare ya yi fari a jikin alkakin. Dubulan ma haka. Nakiya kuwa aikin turmi ce da ƙarfin damtse, shinkafa da man shanu da kayan yaji, citta, kanumfari, masoro, kimba.

Ra'ayina, kada mace ɗaya ta ce sai ta yi duka. A kowace unguwa akwai wadda hannunta ya faɗa a kan ɗaya daga ciki kuma da shi take riƙe kanta. Ki ba ta aikin ki biya ta. Ba gazawa ba ce.

Ƙullun wainata ba ya tashi, idan ya tashi kuma sai ta kama tanda.

Shinkafar tuwo ake so, ba 'yar gwamnati ba. Ki raba ta kashi huɗu, ki jiƙa uku su kwana, ki dafa ɗaya ya yi lugub, ya huce, ki haɗa a kai markaɗe tare da albasa. Dafaffiyar ita ke ba waina laushi da saƙa a ciki. Ki gargaɗi yaron da kika aika ya tsaya a ɗauraye injin, don ranar jajibiri wanda ya riga shi attarugu ko wake ya kawo. Kada kuma mai inji ya cika ruwa. Ƙullu mai kauri ana iya sassauta shi, tsararo ba ya gyaruwa.

Yis ɗin da ya daɗe a buɗe a kanta mutuwa yake yi. Ki gwada shi a ruwan ɗumi da ɗan sukari, idan minti 10 suka wuce bai yi kumfa ba, ki sayo wani. Ruwan zafi ma yana kashe shi. A bazara awa 2 zuwa 3 sun isa ƙullu ya tashi, a hunturu sai an kai shi rana ko kusa da murhu. Idan ya wuce ya yi tsami, ɗan ruwan kanwa ko bekin foda zai daidaita shi. Gishiri da ƙarin sukari sai za a fara suya.

Kamun tanda kuwa, sabuwar tandar ƙasa sai an horar da ita: a shafe ta da mai, a ɗora a wuta, a soya albasa a kowane gurbi, a maimaita. Ko tsohuwa ce, zagayen farko yakan yi gardama, wannan na masu ɗanɗano ne. Kada ki juya sai gefe ya yi ja ya saki da kansa. Ba banza masar Bauchi ta yi suna ba, haƙuri suke ba ta a kan wuta.

Miyar taushe kuma ki yi ta tun da dare idan akwai firji: kabewa, gyaɗa, tattasai, daddawa da ƙashi mai ɓargo. Alayyahu da yakuwa sai da safe, kada su yi baƙi.

Amarya ce ni, wannan ce Sallata ta farko. Me zan kai gidan surukai?

Amarya, ki yi abin da kika iya, ba abin da kika gani a waya jiya ba. Ranar Sallah ba ranar gwaji ba ce. Abinci kala ɗaya mai kyau, da nama a wadace, da abin sha mai sanyi, ya fi kala huɗu da aka yi a gigice. Ki tambayi ƙanwar maigidan a asirce abin da Hajiya da Alhaji suke ci. Wani tsohon ba ya son maiƙo, wata ba ta cin yaji. Kuma ya isa da wuri, kafin a sauko daga idi ko ana saukowa. Abincin la'asar ya tarar da ciki a cike.

Unguwarmu wuta ba ta zama. Yaya za mu adana naman layya?

Kayan ciki su ne farko, ranar da aka yanka. Hanta, huhu, tumbi da hanji ba sa jira. Al'adar rataye nama ya kwana ya tsane tana da amfani, yana ƙara daɗin yanka da suya, amma ta fi dacewa da lokacin sanyi da busasshiyar iska. Yanzu da Babbar Sallah ke faɗowa a ƙarshen bazara da bakin damina, ga zafi ga laima, a kula. A rataye inda iska ke kaɗawa, a rufe da yadi marar kauri saboda ƙuda, kada a tara shi a roba ko leda yana gumi. Idan gari ya yi zafi babu iska, gara a fara aiki a ranar. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Yamai sun huta da wannan tunanin: a ranar ake buɗe ragon a tsire shi a itace, a jera kewaye da wuta ya gasu a hankali, washegari a rarraba.

Suyar ajiya daban take da suyar ci yanzu. A tafasa naman da gishiri, albasa, citta da tafarnuwa har ruwan ya tsotse. A narka kitsen ragon a soya a ciki, a wuta matsakaiciya, har ƙarar suya ta kwanta kumfa ya ragu, alamar ruwan jikinsa ya fita ke nan. Ruwan nan shi ne abokin gaba. A bar shi ya huce, a zuba a busasshiyar tukunya ko kwalla. Wanda zai ɗiba ya sa busasshen cokali, ba jiƙaƙƙen hannu ba. Bayan 'yan kwanaki a sake ɗumama shi. Dambun nama, idan aka soya shi ya bushe ƙarau, ya fi kowanne daɗewa.

Mai firiza kuma ya ƙulla naman ƙulli-ƙulli daidai girki ɗaya. Firizar da ke cike, idan ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kusan kwana biyu bayan ɗauke wuta, rabin ciki kuwa kwana ɗaya. Naman da ya narke har ya yi ɗumi kada a mayar da shi ya sake daskarewa.

Sannan a tuna, ba a sayar da naman layya ko fatarta, ba a kuma biyan mahauci ladansa da su. Wanda ya rabar da kaso mai tsoka ga maƙwabta da mabuƙata ya rage wa kansa rabin wahalar ajiya.

An ce idan aka jefa farasitamol a tukunya ganda da ƙafar sa suna saurin nuna.

Kada ki yi. Magani ba kayan miya ba ne, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan wannan saboda illarsa ga hanta da ƙoda. Ki sa ɗanyen gwanda 'yan yanka, ko ɗan kanwa, ko tukunyar matsi idan akwai. In babu, ki ɗora da wuri.

Shinkafa ta ragu da yawa ranar Sallah. Ɗumamawa ya wadatar?

Ba kullum ba. Dafaffiyar shinkafa idan ta yini a kula da ɗumi-ɗumi, akwai ƙwayar cutar da ke hayayyafa a cikinta ta bar guba, kuma gubar ba ta mutuwa da ɗumame. Shi ya sa ake ganin gida guda sun kwana amai da gudawa alhali an ɗumama abincin. Abin da ba za a ci ba cikin awa biyu, a baza shi ya huce a sa a firji. In babu firji, a bayar tun yana da kyau. Almajiri da maƙwabci abinci ake ba su, ba abin da ya fara yauƙi ba. Mai haɗin kabeji da mayonis ya fi kowanne saurin juyawa.

Zoɓo ko kunun aya, wanne ya fi dacewa da taron baƙi?

Zoɓo. An tafasa shi, yana da tsami, yana jure yini. Kunun aya ɗanye ne, babu sanyi awa kaɗan yake yi ya fashe, musamman in an sa dabino da kwakwa. Ki yi shi kaɗan, a sha a tashi. Ƙanƙarar da za ki saya kuma ki sa ta a bayan jarka, kada ki fasa ta a ciki, don ba ki san ruwan da aka ƙulla ba.

Ni magidanci ne. Kuɗin cefanen da nake bayarwa kullum sai a ce bai isa ba.

Malam, yaushe rabonka da shiga kasuwa da kanka? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 babu abin da ya zauna a farashinsa na da, kuma mai karɓar kuɗin cefane ita ke shan kunyar mai tumatir. Ka ɗauki jerin kayan ka je sau ɗaya. Daga nan ku zauna ku yi magana da lissafi, ba da zargi ba.

Hanyar sauƙi sananniya ce. Hatsi da wake a saya da kaka. Buhun shinkafa ko jarkar mai a haɗa kuɗi da 'yan uwa a raba. Tumatir da tattasai suna araha daga Janairu zuwa Maris, lokacin da kayan noman rani na Kadawa da Kura ke cika kasuwa, sai su yi tashin gwauron zabi da shigowar damina. Lokacin arahar ake yanka kauɗa a shanya, ko a markaɗa a dafe ya yi kauri a adana. Uwargida kuma, Sallah ba gasa ba ce. Kaji biyu da aka ci da kwanciyar hankali sun fi goma na bashi.

Baba yana da ciwon suga da hawan jini. Ranar Sallah sai mu hana shi komai?

Hana shi komai zai sa ya ci a ɓoye. A zuba masa tuwo ko waina daidai misali, miyar ganye da yawa, tsokar nama marar kitse, zoɓon da aka ɗebar masa kafin a sa sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma ɗunƙulen magi yawancinsa gishiri ne. A rage shi a ƙara daddawa. Kada ya bar maganinsa don ana biki, sauran bayani kuma likitansa ya fi mu sani.

Matata tana so mu riƙa fita cin abinci da yara. Mahaifiyata kuma tana ganin zubar da mutunci ne, wai sai ka ce babu mai girki a gidan.

Sayen abinci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Koko da ƙosai na safe, waina, ɗanwake, fura, gurasar Jakara, tsire da balangu da maigida ke shigowa da su a takarda bayan isha, duk daga waje suke. Hajiya ma ta ci, ta kuma aika an sayo. Abin da yake sabo a idonta shi ne a ga ɗanta zaune da matarsa suna ci a bainar jama'a, sai kuma tsoron kada a ce surukarta ba ta iya girki ba, ko tana juya shi. Idan ka gane haka, ka san ba da hujja za ka shawo kanta ba.

Kada ka ɓoye mata, yara za su faɗa tun kafin su cire takalmi. Ka ce za ka kai jikokinta su sha iska. Ka biyo mata da nata, gasasshiyar kaza ko kifi, ka miƙa da hannunka. Sau biyu, sau uku, za ka ji ta fara tambayar a ina ake sayar da irin na rannan. Kada kuma ku fita ranar idi, lokacin da 'yan uwa ke zuwa gaisuwa su tarar da ƙofa a kulle, wannan kam ko ni ina bayan Hajiya.

Ita kuma matarka ba raina girkinta ya sa take son fita ba. Wadda ta yi wata guda tana haɗa buɗa-baki da sahur, ta ɗora da aikin Sallah, ta cancanci ranar da za a ajiye mata faranti a gaba ta ci ta tashi ba ta wanke ba.

Mata biyu gare ni. Idan zan fita da ɗaya fa?

Ka fita da kowacce a ranar girkinta, wuri mai daraja ɗaya, kashe kuɗi kusan ɗaya. Kai ɗaya babban gidan abinci, ɗaya kuma wajen mai shayi, neman fitina ne da kuɗinka. Yara kuwa a kwashe su duka, ba a ware na ɗaki. Idan suna jituwa har za a fita gaba ɗaya, ka gode wa Allah ka nemi babban tebur.

Ta yaya zan gane wurin cin abinci mai tsabta?

Kyan fenti da sanyin na'ura ba su ne ba. Ka duba ko abinci yana ƙarewa ana sake ɗorawa. Wurin da ke da ciniki ba ya kwana da miya. Ka duba wurin wanke hannu, ruwa mai zuba ne da sabulu ko roba ɗaya ce kowa ke tsomawa. Ka duba ko mai zuba abinci shi ke karɓar kuɗi. Abinci ya zo yana tururi. Da damina, lokacin da kwalara ta fi yaɗuwa, a bar ɗanyen ganye da ƙanƙarar da ba a san asalinta ba. A wajen mai tsire ka sa a mayar maka da shi kan wuta, kuma ka ƙi takardar siminti. Yaron da gyaɗa ba ta karɓe shi ba kada a ba shi, don ƙuli-ƙuli ne a jikin tsiren da cikin yajin.

Idan muka fita da yara kuɗin sai ya ninka abin da na yi niyya.

Saboda ka bar kowa ya zaɓa da ido. Yaro ɗan shekara biyar ba ya cinye faranti, a raba wa biyu ɗaya. Lemo da askirim da kuɗin lilo su ne ke cinye aljihu, ba shinkafar ba, don haka tun a gida a yi yarjejeniya: abu ɗaya kowa. Ka tambayi farashi kafin a kawo, ba abin kunya ba ne, kuma ka tuna manyan wurare a Najeriya suna ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan takarda. A kwanakin yawon Sallah, Titin Gidan Zoo a Kano da ire-irensa ba sa shiguwa da yamma. Ku fita da hantsi, ko ku bari sai kwana na huɗu. Abin da ya ragu a sa a ƙunshe muku, kun biya.

Yarana sun ƙi tuwo, sai Indomie da taliya.

Yaron da ya san idan ya yi kuka za a ɗora masa wata tukunya ba zai ci tuwo ba. Tukunya ɗaya ga kowa, a zuba masa kaɗan, kada a yi masa ɗure. A zauna a ci tare, domin abin da ya ga babansa yana ci da marmari shi yake miƙa wa hannu. A kuma sa su a aikin, mata da maza: tsince wake, yanka cincin, kaɗa kuka. Namijin da ya iya dafa wa kansa ba ya wulaƙanta a makarantar kwana ko wajen bautar ƙasa, kuma ranar da matarsa ta haihu ba zai tsaya yana kallon risho ba.

Maƙwabtanmu Kirista ne, suna aiko mana da abinci ranar Kirsimeti. Me ya kamata mu yi da Sallah?

Ku aika musu, da nama a kai. A Kaduna da Jos da Zariya an daɗe ana wannan musayar, kuma da yawansu Musulmi suke kira ya yanka musu kaza ko akuya saboda maƙwabta su samu ci. Wanda yake da shakka a kan wani abu ya tambayi malaminsa, amma ya karɓa da fuska a sake. Kwanon da aka kawo abinci a wanke shi kafin a mayar, a saka wani abu a ciki ko da cincin ne, yaron da ya kawo kuma a ba shi tukwici.